Othman Bai Hau Layi Ba

Alhamis, 19 Nuwamba 2009, bayan la'asar

Jirgin ruwanmu ya tsaya. Da hantsi muna ɗakin wanki, gurnanin nan da kullum ke ƙarƙashin ƙafafunmu ya yi tari ya ɗauke. Lorna, 'yar Filifin da muke kwana ɗaki ɗaya, ta ajiye dutsen guga ta ce inji ne. Wani ya leƙo ya ce ba inji ba ne, takardu ne. Kyaftin ya yi magana ta lasifika, abin da na tsinta kawai shi ne kwana biyu ko uku.

Da na hau sama shan iska sai na ga gari. Ban tambayi kowa sunansa ba. Ga hasumiyar tashar jiragen ruwa, ga ruwan nan da ake harbawa sama kamar farin zare. Jidda ce. Tun da na fara aiki a wannan jirgin yawon shaƙatawa, daga nesa muke wuce ta, ban taɓa ganin ko fitilarta ba. Yau mun jefa anga a bakinta.

Na riƙe ƙarfe. A garin nan aka haife ni. A nan aka kama ni wata safiya ina sayar da turare ba iƙama, wato takardar zama, aka kwashe mu zuwa Yamai, garin da ban taɓa sani ba sai a bakin Inna. Aishatu tana da shekara huɗu lokacin. Yanzu ta kai goma. Tana can bayan waɗancan benayen, a unguwar Ƙuwaiza, ita da Inna da ƙanena Othman.

Ba zan iya sauka ba. Sun ɗauki hoton yatsuna ranar da suka kore ni.

Juma'a, 20 Nuwamba, bayan azahar

Na fito da labtob ɗina, tsohuwar kwamfutar cinyar da na saya a Iskandariyya. Intanet ɗinmu ta ma'aikata ba ta kamawa sai a ɗakin cin abinci, kusa da firjin madara, kuma tafiyar hawainiya take yi. Kati ake saya, yana cin lokacinsa ko shafi ya buɗe ko ya ƙi.

Duk Juma'a Othman yakan shiga shagon intanet bayan masallaci. Na zauna ina kallon ɗan hoton mutum da ke gefen sunansa. In yana nan kore ne, in ba ya nan launin toka. Can sai ya koma kore.

Na rubuta, "Othman, ka san inda nake?"

"Ina zan sani, Yaya? Wajen Turawa?"

"In ka je bakin teku ka dubi wajen tasha. Farin jirgi mai shuɗin bututu."

Na ɗauka layi ya tsinke. Sai ga shi: "Wallahi Yaya in wasa kike ba kyau."

Na ce ba wasa. Ya yi ta jero tambayoyi. Zan sauka? A'a. Su za su iya zuwa? Da wace takarda, Othman? Mun gwada kyamara, ta nuna min goshinsa da fankar sama, ta daskare. Ya ce Aishatu ta kai Inna tsawo saura kaɗan. Ya ce tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa, Inna tana ta faɗa.

Na kasa cin abinci. Ba baƙin ciki ba ne. Ban san mene ne ba.

Asabar, 21 Nuwamba, da hantsi

Jami'ai sun hau jirgi. Na hango su ta taga, masu fararen riguna da masu kaki. An ce za su duba fasfo ɗin kowa a ofis. Na shige bayan babban injin busar da kaya na tsuguna kamar mai gyaran wani abu. Lorna ta ce ai ba wanda zai neme ni, ban taka ƙasarsu ba. Ita ba ta san yadda takalmansu ke ƙara a kan ƙarfe ba.

Asabar, bayan magariba

Sun tafi. Ba su kira sunana ba.

Litinin, 23 Nuwamba, bayan la'asar

Jiya aka kwashe fasinjoji gaba ɗaya, aka kai su filin jirgin sama. Har yanzu ba wanda ya gaya mana abin da ya lalace. Mu dai an ce mu wanke labule da zannuwan gado na dukkan ɗakuna. Jirgi ya zama kamar gidan da aka yi mutuwa aka watse.

Amma layi ya yi ƙarfi, tunda ba masu ja. Na ga Othman kore, abin da bai saba ba ranar Litinin. Ya ce ya zo sallama ne, gobe za su wuce Mina da abokansa, aikin askin alhazai kamar kowace shekara.

Na ce, "Ka kawo min Aishatu in gan ta. Yanzu kyamara za ta yi."

"Yaya, gobe tun asuba motar za ta tashi."

"To ka bi ta jibi. Laraba da safe, minti kaɗan, sai ka wuce."

"Shagon unguwarmu kyamararsa ta mutu. Sai dai wannan na bakin babban titi, bayan gada."

"To ku zo nan ɗin."

Ya yi ta kawo dalili, hanya tana cushewa ranar, ana tsare mutane. Na ce masa shekara shida, Othman. Na ce ban san ranar da za mu ɗaga ba. Na rubuta wasu maganganu ma.

Ya ce, "Halas, shi ke nan, Yaya. Laraba da safe. Amma ki yi kwalliya, kar ki tsorata yarinya."

Talata, 24 Nuwamba, da yamma

Lorna ta yi min kitso irin nasu, bai zauna ba, na kwance. Ta ara min mayafi ruwan hoda. Na gwada gaisuwa da Larabci a gaban madubi, bakina ya yi nauyi. Me ake ce wa 'ya?

Laraba, 25 Nuwamba, da safe

Hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin a kan duwatsu. Na nemi izini daga shugabar ɗakin wanki, na zo na zauna kusa da firji. Launin toka.

Laraba, da hantsi

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɓace, ko hasumiya ba a gani. Layi yana zuwa yana tafiya, mai kula da na'urori ya ce hadari ke tare tauraron ɗan'adam. Duk sanda ya dawo sai in duba. Toka.

Ba za su fito cikin wannan ruwa ba. Othman ba ya son jiƙa ko takalminsa. Inna ma ba za ta bari ba.

Laraba, bayan la'asar

Ruwa ya tsaya. Na hau sama. Tekun da ke tsakaninmu da gari ya koma ja kamar kunun kanwa. Ma'aikata sun jeru suna nuna abubuwa da yatsa. Taya. Katifa. Ƙofar firji. Wani rago da igiya a wuyansa, ƙafafu sama.

Na sayi katin waya na kira lambar Othman daga wayar jirgi. Muryar mace ta ce a rufe take. Na sake. Na sake.

Ya wuce Mina, shi ke nan. Ya ga hadari ya ce Yaya ta yi haƙuri. A Mina waya ba ta shiga saboda yawan mutane, kowa ya san wannan.

Alhamis, 26 Nuwamba, ranar Arfa, bayan azahar

Ina azumi. Talabijin ɗin ɗakin cin abinci yana nuna alhazai a Arfa, fari fat. Na yi ta duba gefen hoton ko zan ga mai aski, kamar mahaukaciya.

Na buɗe wani dandali da mutanen Jidda ke rubutu. Hotuna suna saukowa daga sama zuwa ƙasa, a hankali, kamar ana sauke labule. Da farko sama. Sai saman gini. Sai motoci, wata kan wata, kamar an zubar da kwanuka. A ƙarƙashin hoton an rubuta sunan unguwa.

Na rufe labtob ɗin. Na buɗe.

Akwai wani bidiyo da wani ya ɗauka daga saman bene. Ba ya tafiya, yana yin taku biyu ya tsaya, da'ira ta yi ta juyawa a tsakiya. Inda ya tsaya na ga koren allon kantin magani. Na san kantin nan. A nan na sayi maganin haƙoran Aishatu. Titin da ke gabansa ya zama kogi, kuma ruwan ba kwance yake ba, gudu yake.

Gidanmu yana kan ɗan tudu. Kullum Inna tana ƙorafin hawan. Yana kan tudu.

Juma'a, 27 Nuwamba, Babbar Sallah, da hantsi

Kuku ya dafa wa Musulmin jirgi shinkafa da naman rago. Na karɓa na ce na gode, na ajiye.

Juma'a, bayan azahar

Lokacinsa ne. Toka.

Asabar, 28 Nuwamba, da yamma

Kullum adadin matattu ƙaruwa yake. Ba zan rubuta shi a nan ba. Kuma wane adadi? Irinmu ko muna raye ba a ƙirga mu.

Wakilin kamfani ya zo, Balarabe mai fara'a, yana tambaya ko akwai mai buƙatar wani abu daga gari. Na bi shi har bakin tsani. Na buɗe baki. In na ce masa uwata da 'yata suna Ƙuwaiza, zai ce kawo sunansu in tambaya. Zai tambayi wa? Duk wanda ya tambaya zai ce ina lambar iƙamarsu. In suna raye na tura musu motar jami'ai har ƙofa. In kuma...

Na ce masa sabulu muke so.

Lorna ta ce in ci wani abu ko ta kai ƙarata wurin likita. Na ci burodi a gabanta.

Lahadi, 29 Nuwamba, bayan azahar

Allah ya kawo mutum.

Akwai ɗan jirgin da ke kawo mana kayan miya da ruwa daga tasha, lanshi suke ce masa. An tura ni karɓar sabulun a ƙofar kaya ta ƙasa. Ina tsaye sai na ji wani yana cewa, "Kai, riƙe igiyar mana, hannunka na kuturu ne?"

Hausa. Na kusa faɗawa ruwa.

Dattijo ne mai furfura a gemu, siriri, yana miƙo kwalayen tumatir. Na ce, "Baba, sannu da aiki." Ya tsaya da kwali a hannu ya dube ni sama da ƙasa.

"Ikon Allah. 'Yar wa ce ke a cikin jirgin Nasara?"

Sunansa Haladu, mutumin Tasawa, ya daɗe yana dako a tasha. Na gaya masa komai da sauri, kalmomi suna hawa kan juna. Na kwatanta masa lungun, bayan masallacin Yamanawa, ƙofa shuɗiya. Da ya ji sunan unguwar sai fuskarsa ta canza.

Ya ce, "'Yata, wajen nan cike yake da jami'ai. Ni ma takardata ta tasha ce kawai, kafilina, ubangidan da ya tsaya min, bai san ni da yawo ba."

Na ce na sani, Baba. Mai lanshi yana ta yalla, yalla, a yi sauri. Har sun kwance igiya sai ya ɗago kai.

"Shuɗiya kika ce?"

Litinin, 30 Nuwamba, da yamma

Lanshi bai zo ba. Na ƙona rigar wani hafsa, dutsen guga ya zana kansa a bayanta. Shugaba ta dube ni ta ɗauke rigar ta wuce. Na ga alama Lorna ta gaya mata.

Talata, 1 Disamba, bayan la'asar

Bidiyon ya gama saukowa. Na kalle shi ban san sau nawa ba. Can gefe akwai wani mutum a kan katanga, riga shuɗiya, yana miƙa hannu ƙasa. Mai ɗauka ya juya, ba a sake nuna shi ba. Na tsayar, na matso da fuskata har hancina ya taɓa gilashi. Ba fuska, ɗigo-ɗigo ne kawai.

Kowane namiji a cikin hotunan nan Othman ne. Yara kuwa ba na kallonsu. In na ga ƙaramin abu sai in sa hannu in rufe wajen.

Laraba, 2 Disamba, da hantsi

Ya koma kore.

Wallahi da idona na gani. Na zo wucewa da kwandon tawul na ce bari in leƙa, ina buɗewa sai ga shi kore. Na rubuta sunansa. Na rubuta ina Aishatu. Na rubuta ina Inna. Na rubuta don Allah ka yi magana ko harafi ɗaya. Na rubuta da Larabci, ko wane ne kai ka amsa.

Ba amsa. Ya zauna kore yana kallona. Sai ya koma toka.

Laraba, bayan azahar

Lorna ta ce wataƙila mai shagon ne ya kunna kwamfutarsa ta buɗe da sunan wanda ya yi amfani da ita a ƙarshe. Na ce to, ai Litinin ya zauna a kanta. Ta ce e, Litinin. Ta faɗa da sauri.

Alhamis, 3 Disamba, bayan azahar

Baba Haladu ya zo. Tun daga nesa nake karanta fuskarsa ban gane komai ba. Ya bari sai da aka gama sauke kaya, sannan ya matso.

Ya ce ya je. Ya ce gidan yana tsaye, ƙofar ce ruwa ya ɓalle, laka ta kai ƙirji a bango. Ba kowa ciki. Wani Bayamane maƙwabci yana kwashe laka da shebur, shi ya ce masa an fitar da tsohuwa da ranta, samari suka ɗora ta kan rufi, daga baya wasu mata baƙaƙe suka tafi da ita, bai san ina ba.

Na ce alhamdulillahi. Na ce yarinyar fa, tare suke?

Ya gyara hularsa.

"Ya ce yarinyar da saurayin sun fita da safe, kafin ruwa ya sauko. Ya ce ya gan su, ta sa rigar Sallarta."

Ban san abin da na ce ba. Na ji dai yana cewa zai ci gaba da tambaya, akwai mutanenmu a unguwar Kurayyat da suka karɓi waɗanda ruwa ya kora.

Juma'a, 4 Disamba, da safe

Sun fita da safe.

Juma'a, bayan azahar

Ta sa rigar Sallarta. Saura kwana biyu Sallah ta sa ta.

Asabar, 5 Disamba, da yamma

Na lura kwalayen da lanshi ke komawa da su fanko ne, ana rufe su da tamfol. Mutum zai iya kwanciya a tsakaninsu. Na sa abayata a cikin jakar leda na sauko da ita.

Na ce, "Baba, ka tafi da ni. Na san garin, na san asibitoci, na san inda ake ajiye..."

Ya ce, "A'a."

Na kama hannun rigarsa. Ya cire hannuna a hankali.

"Ki saurare ni, 'yata. Ƙofa uku ce tsakanin nan da titi, kowace da mai bindiga. Ke za a kama, ni za a kama, mai lanshi za a kama. Sai wa ya rage ya nemo su? Ke ki zauna inda za a same ki."

Na ce ba zan iya zama ba. Ya ce, "Za ki iya. Uwarki ta zauna shekara nawa?"

Na tsaya a ƙofar kaya har suka zama ɗigo. Ruwan ya washe yanzu, shuɗi, kamar bai yi komai ba. Garin ba shi da nisa sosai. Na tsaya ina auna shi da ido. Lorna ta zo ta riƙe min kafaɗa, ta jawo ƙofar ta sa sakata.

Litinin, 7 Disamba, da hantsi

An kawo wasu manyan akwatuna da injiniyoyi Turawa. Kyaftin ya ce in komai ya tafi daidai, ƙarshen mako za mu ɗaga. Ɗakin cin abinci ya kaure da tafi.

Ya Rabbi, kar injin nan ya tashi.

Talata, 8 Disamba, bayan la'asar

Ban buɗe hotuna ba yau. Sunansa kawai na kalla har kati ya ƙare.

Laraba, 9 Disamba, bayan azahar

Baba Haladu ya same su.

Tun kafin a ɗaure igiya ya ɗaga murya, "Tana nan! Yarinyar tana nan da ranta!" Na zauna a ƙasa cikin jiƙar ruwa. Suna Kurayyat, a gidan wata 'yar garin su Inna. Hannunta ya karye, an ɗinke mata kai, wani likita Basudane ne ya duba ta a gida bai tambayi komai ba. Ya gan ta da idonsa, ya ce har ta ba shi ruwa da hannun hagu.

Na yi ta kuka ina dariya. Sai na lura shi ba ya dariya.

Na ce, "Baba, Othman fa?"

Ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu.

"An same shi Asabar ɗin bayan Sallah, can ƙasa da gada. Mutanenmu sun gane shi, an yi masa sutura. Sai haƙuri, 'yata. Allah ya karɓi shahadarsa."

Ya danna wayarsa ya miƙo min. Na ji ana cewa ga ta, ga ta. Sai muryar Inna, ta tsufa, ta zama siririya.

"Mastura?"

"Na'am, Inna."

"Kina lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

Ina jin numfashinta. Ba ta ce min komai a kan Laraba ba. Da ma ta ce.

Alhamis, 10 Disamba, da safe

Na yi guga. Zannuwa ba sa ƙarewa.

Alhamis, da yamma

Injin ya tashi. Ina jin sa a tafin ƙafata. Baba Haladu ya aiko mai lanshi da saƙo, gobe bayan masallaci in buɗe na'urata. Akwai wata malama maƙwabciyarsu mai kwamfuta a gida.

Ina tsoro. Ban san ko na fi tsoron ta ƙi kallona ko ta kalle ni ba.

Juma'a, 11 Disamba, bayan la'asar

Wani suna da ban sani ba ya nemi shiga. Na karɓa. Ya fito ƙarƙashin na Othman, kore ƙarƙashin toka.

Hoto ya sauko daga sama. Labule mai furanni. Farin bandeji. Goshi. Idanu. Idanun Inna ne a fuskar yarinya. Inna tana gefe, rabin fuskarta kawai, tana kallon wani waje daban, ba ta san inda ake kallo ba. Murya ta ƙi zuwa, sai ƙara kamar ana soya abu. Malamar ta rubuta cewa mu yi da rubutu.

Aishatu tana dannawa da yatsa ɗaya na hannun hagu, ina ganin kanta a sunkuye. Da Larabci.

"Ummi?"

Na ce ni ce. Na ce hannun yana ciwo? Ta ce kaɗan. Na ce kina cin abinci? Ta ce e. Ta ce Jidda ta gaya mata ina cikin jirgi, na ɗauka garin take nufi, ashe kakarta. Ta ce daga can ana ganin gidansu? Na ce ana ganin fitilu.

Hoton ya daskare, amma ƙasa an nuna tana rubutu. Ta rubuta, ta goge. Ta rubuta, ta goge. Na san abin da za ta tambaya, ko ni na sa suka fito ranar. Na shirya in ce e.

Sai ya fito.

"Khali Othman ya ɗora ni kan ƙarfen taga. Ya ce in riƙe, kar in saki har sai ya dawo. Ya je ya ɗauko wata mata. Na riƙe sosai, Ummi. Da wasu mutane suka zo da igiya sai na saki. Bai dawo ba tukuna na saki."

Ƙasa an sake nuna tana rubutu.

"Na yi laifi?"

Haruffan suka narke a idona, na kasa ganin allon. Lorna ta goge min fuska da gefen rigarta. Na nemo su ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ki yi laifi ba, 'yata. Shi ne ya turo su. Kin riƙe har inda ya ce."

Hoton ya motsa. Na ga ta karanta, leɓenta yana bin kalmomin. Ta juya ta faɗa wa Inna wani abu. Inna ta rufe fuska da mayafi. Aishatu ta kwantar da kanta a kafaɗarta, ta rufe ido, kamar wadda aka sauke wa tulu.

Asabar, 12 Disamba, da hantsi

Mun ɗaga. Na tsaya a baya har gari ya shige cikin ruwa. Ta ce Juma'a mai zuwa za ta gwada rubuta min da Hausa, kar in yi mata dariya.